Yankin Kabewar Gwaggo Hurera

Ranar da na dawo daga lakol, makarantar da nake koyarwa, na tarar da tunkiyarmu tana tauna irin kabewar kakata, ban san lokacin da na yar da jakata a ƙofar gida ba. Tana tsaye gindin bokitin shara, bakinta jawur kamar ta sha manja, tana kallona tana ci gaba da abin da take yi. Na fizge bokitin na zazzage shi a ƙasa, na shiga tono da hannu, ni da ke sanye da kayan aiki. Ɓawo ne kawai ya rage. Ko ƙwara ɗaya ba ta bar mini ba.

Da kabewar kasuwa ce da ban damu ba. Yayana Lawali ne ya aiko mini ita daga ƙauyenmu da ke bayan Gazawa, tun farkon kaka, tare da saƙon cewa ita ce ta ƙarshe. Ya tuge dangar bayan gida inda take yaɗo, ya zuba siminti, ya kafa shagon cajin waya. Ya ce in ina son iri in cire da kaina, shi kam ya gama da noman kabewa. Na tura ta ƙarƙashin gado, don kabewa in wuƙa ba ta taɓa ta ba tana yin wata da watanni lafiya lau. Na ce sai hutu ya zo in zauna in yanka ta yadda ya kamata.

'Yata Nafisa ta riga ni. Yarinya ce mai son ta burge uwarta. Ta jawo ta, ta yi ta kokawa da ita da 'yar wuƙar yanka albasa, ta feraye, ta yayyanka ƙanana-ƙanana kamar yadda ta gani a waya, ta ɗura cikin leda ta jera a firigo, cikin sanyi. Cikin kuwa, da 'ya'yan da komai, ta kwashe ta zuba a shara, tunda a ganinta ƙazanta ce. Ta fito tana murmushi tana jiran sannu da aiki. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji faɗan da ke shirin fitowa irin na Kaka Tsahara ne sak, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan.

Kaka Tsahara ita ta haifi babanmu. Gajeriya ce, mai goro a kumatu, mai ido kamar na shaho. Irin kabewar nan uwarta ce ta zo da shi daga ƙasar Katsina, ƙulle a bakin zane, lokacin da suka ƙetaro suka zauna ƙauyenmu. Bayan kabewar toka-toka ne mai zurfin tsagi, cikinta ja, kuma ba ta sakin ruwa a miya. In ta nuna a tukunya, ludayi kawai za a danna ta narke ta kama gyaɗa da yakuwa. Duk ƙauyen 'yar Tsahara ake ce mata.

Kakannin mutane suna yi wa jikokinsu gatana kyauta. Tamu ba ta san wannan ba. Ita gatanarta ladan aiki ce, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da kaka, in kabewa ta ƙosa a kan danga da rufin ɗakinta, bayan an yi magariba an ci tuwo, sai ta tura kara cikin murhu wuta ta tashi, ta shimfiɗa tsohon buhu, ta sa a mirgino mata guda. Mu jikoki mu kewaye ta. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gyara goronta.

"Ga ta nan, ga ta nanku, ga kuma wuƙaƙe nan," in ji ta. "Wanda bai ɗauka ba shi tashi shi ba mu wuri."

Ba a yanka kabewa a gaban Kaka yadda aka ga dama. Da farko a wanke mata ƙasa, a goge ta bushe, don jiƙaƙƙiya santsi gare ta, ita ce ke sa wuƙa ta zame ta sami yatsa. A zaunar da ita a kan buhu, a tokare ta da ƙafa. Kaka ba ta yarda a sare ta da adda kamar ana faskare ba. Babbar wuƙarta take ɗorawa cikin tsagi ɗaya, ta ɗauki guntuwar taɓarya ta riƙa bugun bayan wuƙar a hankali, tana juya kabewar, har sai ta yi ƙara ta rabe biyu da kanta. Ƙamshin nan mai sanyi ya tashi. Daga nan ta bi tsagi-tsagi tana fitar da yanki, kowane kamar jinjirin wata. Namu na gida shi ake kwashe wa ciki da sakaina, a tsince 'ya'yan a wanke, a cuɗa su da toka, washegari a shanya, in sun bushe a ƙulle a tsumma a rataye inda hayaƙi ke bugu. Sa'an nan a miƙo mana fira, kuma nan ne wahalar take.

Duk wanda bai taɓa feraye wannan kabewar ba bai san ciwon babban yatsa ba. Ɓawonta tauri gare shi kamar ƙwarya. In ka yi fira da kauri, Kaka ta ɗaga ɓawon gaban wuta ta tambaya ko awaki ne za su sha miyar gobe. In ka yi da sauƙi ka bar kore-kore, ta dawo maka da shi. In ka juyo bakin wuƙa wajen cikinka, ka sha ranƙwashi. Ga danƙonta da ke bushewa a tafin hannu ya ɗaure fata, ka wanke ka wanke bai fita ba, har gobe a lakol kana ɓantararsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bakinta da hannunmu a ɗaure suke. Wuƙa na tsayawa, gatana ta tsaya. Sai ta kai daidai inda ranka ya rataya, ka saki baki ka manta da aiki, ita kuwa ta yi shiru ta shiga tauna goro tana kallon sama, har sai ta ji ƙarar fira ta dawo.

Kuma duk wannan wahala, rabin kabewar ba namu ba ne. Ka'idar Kaka ce, ta ƙauyen ma baki ɗaya a lokacin, cewa kabewa ba ta yankuwa don gida ɗaya. Da zarar an buɗe ta, kwananta ya ƙare, in ba a ci ba ta yi yauƙi ta lalace. Don haka duk gidan da ya yanka, sai maƙwabta sun ga yanki. Kaka takan ware nasu tun kafin a taɓa namu, kuma ba a kwashe musu ciki. Haka nan za a kai, da 'ya'yan suna reto a jiki. Ni ce 'yar aike, don an ce ni ce mai baki, na iya gaisuwa.

Sauran gidajen ba laifi, a sa maka albarka, wani lokaci har a ba ka ƙuli. Gidan Gwaggo Hurera ne bala'i. Ba 'yar uwarmu ba ce, Gwaggo ta girmamawa ce kawai, danga ɗaya ta raba mu da ita. A lokacin ba ta tsufa ba, ƙarfinta duk a harshe yake. Ita da Kaka ba sa rabuwa da cacar baki, yau kan kaza, gobe kan akuyarta da ke cin yaɗon kabewar tamu ta ƙasan danga. In na yi sallama na durƙusa na miƙa, sai ta ɗauki yankin da yatsa biyu ta kara shi da fitila.

"Ke Rabi, wanga yanki ne ko takarda? Ina hangen wuta ta cikinshi. Ki ce ma Tsahara na gode, Allah shi ƙara mata tsoron Allah."

Sa'an nan ta riƙe farantin. Kullum sai na koma washegari neman faranti, ta ce bai bushe ba, ko ta ce wane faranti. Akwai wani na Kaka mai zanen jan fure, wanda gefensa ya ɗan ɓantare, shi kam tun da ya shiga gidan bai sake fitowa ba. Wata rana na gaji, na ce wa Kaka don Allah a daina kai wa matar nan, ko kuwa a kwashe 'ya'yan, tunda ba godiya take ba. Kaka ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai mata haka nan, da ɗiyan. Gidan Hurera rumbuna ne."

Na tafi ina gunaguni. A raina na ce wane irin rumbu ne wannan, da ake zuba masa yana zagi, kuma ba ya mayar da faranti.

Gatanar da ta fi yi mana a daren yankan kabewa guda ce, har na haddace ta don haushi. Wai an yi wata mata a wani gari, ta shuka kabewa a bayan ɗaki, Allah ya sa mata albarka ta yi girman da ba a taɓa gani ba, har yara na ɓuya a bayanta. Garin kowa ya sa ido, ana jiran ranar yanka. Matar ta zauna ta lissafa maƙwabtanta, ta ga in ta bi su da yanki-yanki, abin da zai rage mata bai taka kara ya karya ba. Sai dabara ta zo mata. Ta je ta ƙasan kabewar, inda ido ba ya kaiwa, ta yanke 'yar ƙofa daidai shigar hannu. Kullum ta zura hannu ta yago abin miyarta, ta mayar da ƙofar ta liƙe da laka. 'Ya'yan kuwa ta soya su ta cinye a ɗaka, don kada wani ya tsinci ɗaya ya shuka ya yi irin tata.

Maƙwabta in sun wuce su ce, "Wance, yaushe za a yanka?" Ta ce ba ta ƙosa ba tukuna. Kaka ta wuce, rani ya shigo, kabewa na nan zaune ƙatuwa, ba ta ƙosa ba. A nan Kaka takan kwaikwayi muryar matar, ta langaɓe kai ta ce "ba ta ƙosa ba," mu yi ta dariya har wuƙaƙe su tsaya, ita ma ta tsaya. Ran nan sai wata 'yar kaza ta yi tsalle ta sauka a kan kabewar. Kabewa ta rufta, fuf, sai ƙura da ƙudaje. Gari ya taru ya ga ɓawo ne kawai, ba komai a ciki. Kowa ya koma gidansa.

Da damina ta faɗi, kowa ya fito da irinsa. Matar ta duba tsummanta ba ko ƙwara. Ta shiga gida-gida tana sallama, ko akwai wanda ke da irin kabewar nan tata. Kowane gida a ce mata, "Ayya, mu da ba mu taɓa ganin cikinta ba?" Ta fita garin ta nufi na gaba, can ma haka.

Iyakar gatanar ke nan. Mu ce, "Kaka, sai me ya faru?" Ta ce ba abin da ya faru, tana nan tana yawo, in mun ji sallama da damina mu leƙa, wataƙila ita ce. Ni kuwa wannan ya fi komai ƙona mini rai. An feraye kabewa guda, yatsa ya yi kanta, sa'an nan a ce ba ƙarshe? Na ce ai ko kura ce a kawo ta cinye ta, mu san an gama. Kaka ta ce kura ba ta cin marowaci, ɗaci gare shi. Ta karkaɗe zanenta, ta ce ƙurunƙus kan ɓawon kabewa, a tattara a kai wa awaki, wanda bai wanke hannu ba kada ya hau mata tabarma.

Shekaru sun tafi. Kaka ta rasu ina makarantar horon malamai a Maraɗi, Allah ya jiƙanta. Na yi aure, aiki ya kawo ni Agiye, na sami gida mai katanga da ƙofar ƙarfe da firigo. A unguwarmu ba mai aika wa wani yankin kabewa. In ka yanka, ka sa saura a sanyi, ka ci abinka har ya ƙare. Ban taɓa ganin laifin haka ba, hasali ma na ɗauka hutu ne. Nafisa ta tashi ba ta taɓa ganin an ɗora yanki a faranti an ce kai gidan wance ba, balle ta san abin da ake nufi da 'ya'yan da ke ciki. Shi ya sa na fasa faɗan. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, amma ko a cikin fushin na san yarinyar ba ta da laifin kirki.

Na kira Yaya Lawali ko akwai sauran tsohon ƙulli a madafa. Ya ce matarsa ta share komai lokacin gini. Na tambayi 'yan uwa na Gazawa, kowa ya ce ai yanzu ta kasuwa suke saye. Miyar taushen da Nafisa ta yi da kabewar ta yi daɗin da har maigidana ya nemi ƙari, ni kuwa kowace loma da takaici na haɗiye ta, don na san ina cin ta ƙarshe ne. A cikin wannan takaicin na tuna da maganar rumbu. Na yi tsaki, don na san inda za ta kai ni. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ranar Asabar na sa Nafisa gaba muka shiga mota, daga Gazawa muka hau kabu-kabu.

Tun daga bakin hanya na hango su. Rufin ɗakin Gwaggo Hurera da dangarta duk kabewa ce zaune, toka-toka, masu zurfin tsagi, kusa da shagon simintin Yaya Lawali. Sai da idona ya kawo ruwa. Ita kuwa tana kan tabarma a inuwa, ta tsufa ta ƙanƙance, ido ya yi rauni, harshe na nan yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce, na ajiye goro da sabulu. Ta shafa sabulun ta ce ƙarami ne. Na haɗiye, na ce na zo roƙon irin 'yar Tsahara ne, namu ya ɓace.

"'Yar wa?" in ji ta. "Nan garin ba mu san wata 'yar Tsahara ba. Wagga 'yar Hurera ce, tambayi kowa. Wurina duka suke amsar iri."

Na buɗe baki zan yi musu. Nafisa ta taɓa mini hannu. Na ce to, Gwaggo, a taimaka mini da 'yar Hurera.

Na ɗauka za ta ce a sauko mini da guda in tafi. Ina! Ta sa jikanta ya mirgino ɗaya, ta ce a ba ni wuƙa da taɓarya, in yanka a gabanta ta ji ko Tsahara ta koya mini wani abu. Na zauna a kan buhu da lesina, na tokare da ƙafa, na ɗora wuƙa a tsagi ina bugu. Tana saurare tana gyara mini, wai na cika gaggawa, wai hannun 'yan lakol ba ƙarfi. Da ta rabe biyu ƙamshin ya tashi, sai ta ce Allah ya jiƙan Tsahara, mace ce mai rowa amma ta iya kabewa. Daga nan ta shiga rabo. Wannan na gidan liman, wannan na gidan wane, wannan na matar Lawali ko da yake ba ta gaishe ta. Nafisa ce ta yi ta kai wa, tana dawowa da albarka da ƙuli a hannu, tana mamaki. Can a ƙarshe Gwaggo ta laluba ta zaɓo wanda ya fi kowane sirantaka, 'ya'ya na reto a jikinsa, ta sa aka ɗauko faranti daga ɗaka aka ɗora, ta miƙo mini.

"Ga naki. Kada ki kwashe ɗiyan ki ba tumaki, na ji labari. Kuma ki maido mani farantina."

Na duba farantin. Zanen jan fure ne, gefensa a ɓantare.

A mota Nafisa ta rungume shi a cinya kamar jariri, ta tambaye ni me ya sa Kaka ta yi ta bai wa matar da ba ta godiya. Na ce mata Kaka ba godiya take nema ba, wurin ajiya take nema, kuma ta san danga na faɗuwa, jikoki na watsewa, amma Hurera ba ta taɓa sakin abin da ya shiga hannunta ba. Sai a lokacin na gane abin da ya hana Kaka ƙarasa mana gatanar nan. Matar da ke yawo gida-gida ba ta buƙatar kura. Ni ma na ɗanɗana yawon, na kuma ji yadda yake, bambancina da ita kawai an taɓa aikena da faranti ina gunaguni.

'Ya'yan suna nan na cuɗa su da toka, Nafisa ce ta ƙulle su da hannunta, muna jiran ruwa ya sauka mu shuka a gindin katanga, nesa da tunkiya. Akwai wata maƙwabciyata a nan Agiye da ke aron turmina ba ta dawo da shi sai na aika, kuma ba ta taɓa cewa an gode ba. Na riga na san in Allah ya sa kabewar ta yi, gidanta yankin farko zai tafi, da 'ya'yansa, kuma tun yanzu abin yana ba ni haushi. Farantin kuwa yana cikin kwabata. Gwaggo Hurera ta aiko Yaya Lawali ya tambaya, na ce a gaya mata bai bushe ba.